CINIKIN BIRI A SAMA: RIGIMAR MALAMAN YAHUDAWA KAN LITTAFIN DA YA ƁACE

Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ne, amma ba su gaya mana ko mutum nawa ke faɗawa cikinsa kafin a kai ga ƙurewarsa ba. Yau muna so mu ɗauko wani al'amari da ya auku tsakanin malaman Yahudawa na ƙasashen Turai fiye da shekara ɗari da suka wuce, mu shimfiɗa shi gaban masu karatu, sa'an nan mu faɗi abin da mu ke gani game da shi.

Al'amarin kuwa na littafi ne. Wani mutum ya fito ya ce ya tsinci wani babban littafin addininsu wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana cigiyarsa. Ya buga shi, ya yi masa sharhi, waɗansu manyan malamai suka sa masa albarka. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ta bayyana cewa shi ne ya ƙaga shi da hannunsa. Abin da mu ke so mu auna shi ne, yaya aka yi aka ruɗi manya irin waɗannan, kuma waɗanda suka tona asirin sun kyauta ko ba su kyauta ba, kana mene ne ya kamata a yi da littafi irin wannan bayan an gane shi.

ASALIN MAGANAR

Tilas mu fara da ɗan bayani, don kada mai karatu ya ɓace a hanya. Bayan Attaura, babu littafin da malaman Yahudawa su ke riƙo da shi kamar Talmud. Tushensa wani matani ne na hukunce-hukunce, ana kiransa Mishna, wanda Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara a ƙasar Galili wajen shekara ta 200. An kasa shi kashi 6. Akwai kashin noma, da na ranakun ibada, da na aure da saki, da na ɓarna da diyya, da na hadaya da yanka, da na tsarki. Na biyar ɗin nan, watau na hadaya da yanka, sunansa Kodashim, kuma a kansa maganarmu za ta tsaya.

Malaman da suka biyo baya suka yi ta mahawara a kan wannan matani cikin makarantunsu, wannan ya kawo hujja, wancan ya warware ta. Daga baya aka tara mahawarar nan a wuri biyu. Ta malaman Tabariyya da kewayenta aka haɗa ta wajen shekara ta 400, ita a ke kira Talmud na Ƙudus, ko da ya ke ba a cikin birnin Ƙudus aka tsara ta ba. Ta malaman Iraƙi kuwa aka haɗa ta bayan wannan da shekara ɗari ko fiye, ita ce Talmud na Babil. Na Babil shi ya fi yawa, ya fi shahara, shi almajirai ke kwana a kansa. Na Ƙudus gajere ne, harshensa da tsauri, masu kwafarsa ba su da yawa.

Littattafan nan sun sha wuta a hannun masu mulkin Turai. A Faris, cikin shekarar 1242, an ƙone Talmud har cikin amalanke 24. A birnin Rum aka sake yin haka a 1553. Saboda wannan da waɗansu dalilai, cikakken Talmud na Babil na rubutun hannu guda ɗaya tak ya rage, wanda aka rubuta a 1342, yana ajiye a Munik ta ƙasar Jamus. Na Ƙudus ma guda ɗaya ne ya tara abin da ya saura, an rubuta shi a 1289, yana Laidin ta ƙasar Holan. Da shi wani Kirista mai maɗaba'a, Daniel Bomberg, ya dogara sa'ad da ya fara buga littafin a birnin Benis wajen 1523.

To, ga inda gizo ke saƙar. A cikin Talmud na Ƙudus da ke hannun mutane babu kashin Kodashim ko ɗis. Alhali kuwa babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa akwai kashi biyar na wannan littafi, har da Kodashim. Saboda haka tsara bayan tsara malamai suka zauna da imanin cewa kashin nan yana nan wani wuri, ko a ƙasan akwatin wani tsoho, ko a ɗakin ajiyar wani fada, yana jiran mai rabo.

Wani abu kuma ya ƙara musu sa rai. A 1896 da 1897 wani masani, Solomon Schechter, ya je tsohuwar Alƙahira, ya shiga wani ɗaki a majami'ar Yahudawa inda aka yi shekara kusan dubu ana zuba tsofaffin takardu. Ya kwashi guntaye fiye da dubu ɗari ya kai jami'ar Kambirij ta Ingila. A cikin takardun ɗakin nan aka sami littattafan da kowa ya fid da tsammani, har da asalin littafin hikimar Ben Sira cikin Ibraniyanci. Wanda ya ga wannan da idonsa, in aka ce masa gobe an tsinci Kodashim, me zai hana shi yarda?

ABIN NEMA YA SAMU

Ana cikin wannan hali sai ga wani mutum mai suna Shlomo Yehuda Friedlander, mazaunin garin Satmar, wanda a lokacin yana ƙarƙashin Hangari, yau kuwa yana cikin Romaniya. Ya ce shi asalinsa daga Yahudawan Andalus ne, zuriyar gidan Algazi sananne na birnin Izmir ta Turkiyya. Ya ce ɗan'uwansa da wani abokin cinikinsa su suka taimake shi ya sami wani tsohon rubutun hannu, wanda aka kwafa a Barsalona cikin shekarar 1212, kuma a ciki akwai Kodashim na Talmud na Ƙudus.

Ya buga littafin juzu'i biyu a wani ƙaramin gari kusa da Satmar, ɗaya a 1907, ɗaya a 1909. Babi huɗu ne manya: na hadaya, da na alkawarin dukiya ga Haikali, da na yankan dabbar ci, da na 'ya'yan fari. An shirya shafin yadda aka saba shirya Talmud, matani a tsakiya, sharhi ya kewaye shi. Sharhin nasa ne, ya sa masa suna Heshek Shlomo. Duk wanda ya buɗe littafin sai ya ga kamar abin da ya saba gani tun yana yaro a gaban malaminsa. Harshen matanin shi ne Aramiyancin Galili, da gajerun jimlolinsa da tsaurinsa, sunayen malaman ciki kuwa su ne waɗanda aka sani.

Murna ta kama mutane. Solomon Buber na Lemberg, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen tace tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya gaskata labarin. Schechter da kansa, wanda a sa'an nan shi ne shugaban wata babbar makarantar Yahudawa a Niyu Yok, ya gaskata. Haka kuma Rabbi Shalom Mordechai Schwadron na Berezhany, ɗaya daga cikin manyan masu fatawa na zamaninsa. Waɗannan ba yara ba ne, ba kuwa jahilai ba. Kowannensu in ya yi magana a fanninsa sai a yi shiru.

YADDA ASIRI YA TONU

Amma ba kowa ne murna ta rufe wa ido ba. Rabbi Ritter, babban malamin Yahudawan Rotadam ta ƙasar Holan, ya ɗauki littafin ya bi shi layi layi, ya fito a jarida ya ce jabu ne. Masana irin su Wilhelm Bacher na Budafes, da Victor Aptowitzer na Biyana, da Dov Ber Ratner na Bilna, waɗanda suka san Talmud na Ƙudus ciki da bai, suka goyi bayansa. A Folan kuma Rabbi Meir Dan Plotzki ya rubuta littafi sukutum a 1910 yana warware ƙaryar.

Abin da suka gano shi ne, mutumin nan dabarar maɗinki ya yi. Cikin sauran kashin Talmud na Ƙudus akwai wurare barjat inda maganar hadaya da yanka ta gifta. Ya bi ya yanko su. Ya ɗauko waɗansu daga Talmud na Babil da sauran tsofaffin littattafai, ya juya su zuwa harshen Galili, ya musanya sunayen masu maganar, ya harhaɗa. Riga ta fito kamar sabuwa, amma wanda ya san ƙyallayen da aka yanko sai ya nuna ma ka kowane guntu da inda aka samo shi.

Akwai wata hujja mai ban sha'awa da a ke dangantawa ga Rabbi Yosef Rosen na Dvinsk, mutumin da ya yi suna wajen hadda. Ya lura cewa kowane babi na gaskiya na Talmud yakan zo da sunan wani malami wanda ba a ambace shi a sauran babi ba. Babin Friedlander kuwa ba su zo da baƙo ko ɗaya ba, duk 'yan gida ne. Dalili a fili ya ke. Mai ƙage yana tsoron kawo abin da ba a sani ba, don kada a tuhume shi, sai tsoron nan ya zama shi ne shaidar da ta kama shi. Tsohon littafi na gaskiya in ya fito daga ɓoye yakan zo da abin da zai ba kowa mamaki, har ya rushe waɗansu ra'ayoyi da a ke taƙama da su. Wannan kuwa duk abin da ya zo da shi abu ne da aka riga aka sani.

Friedlander da masu goyon bayansa suka yi ta buga ƙasidun raddi, suna zagin masu suka, suna kiransu mahassada. Aka ce masa, to, maganar ba ta da tsawo, kawo asalin rubutun hannun a gani. Bai taɓa kawo shi ba. Da aka bi sawunsa kuma sai aka tarar labarin Izmir ba shi da tushe, bincike ya kai ga wani ƙaramin gari kusa da Bitebsk, a ƙasar da yau a ke kira Belarus. Bai ƙara buga sauran babi ba. Ya ƙare kwanakinsa a Biyana, darajarsa ta zube.

ME YA RUƊI MANYA?

Mu a ganinmu abu biyu ne suka ka da su. Na farko shi ne ƙishirwa. Mutumin da ya daɗe yana jiran abu, ran da aka ce masa ga shi ya zo, zuciyarsa takan riga hankalinsa isa ƙofa. Malamin da ya yi shekara hamsin yana tambayar kansa ko me malaman Tabariyya suka ce game da wata mas'ala ta yanka, in aka miƙa masa amsa a bugagge, ba ƙaramin ƙarfin hali zai sa ya ce a dakata tukuna ba. Iliminsa ma sai ya zama makami a kansa, domin shi ne zai gane kyawun harshen da dacewar maganar, ya ce ai ba mai iya ƙaga wannan.

Na biyu shi ne al'adar takardar shaida. Malaman Yahudawa suna da wata al'ada, in mutum zai buga littafi sai ya bi manya ya karɓo takardar amincewa, a buga ta a farkon littafin. Al'ada ce mai kyau a asalinta, gama tana tsare jama'a daga rubutun kowane kare da doki. Amma tana da ɓaraka. Malami na biyu yakan sa hannu don ya ga sa hannun na farko, na uku ya dogara ga na biyun, har a tara sunaye, alhali ba wanda ya ga tushen abin. A nan duk shaidar da aka bayar a kan kwafin da Friedlander ya rubuta da hannunsa aka bayar da ita. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Da an tsaya tun ranar farko an ce ba sa hannu sai an ga takardar Barsalona, an taɓa ta, an dubi tawadarta, da maganar ba ta kai maɗaba'a ba.

KO MASU TONON SUN KYAUTA?

Wani zai ce, ai da sun rufa asiri. Me aka ƙaru da shi da aka kunyata dattawa a bainar jama'a, har abokan gaba suka sami abin dariya? Littafin ai bai koyar da saɓo ba, kuma hadayar da ya ke magana a kai an daina yin ta tun da Rumawa suka rushe Haikali a shekara ta 70.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba mu yarda da ita ba. Da fari dai, ɗaya daga cikin babi huɗun nan na yankan dabbar ci ne, watau abin da ya shafi tukunyar kowane gida kullum rana ta Allah. A wurin mutanen nan Talmud tushen hukunci ne. Layi guda da aka ɗora a bakin malaman farko yana iya halatta nama ko ya haramta shi, ya sa mahauci asara ko ya ciyar da jama'a abin da su ke ƙyama. Wanda ya san ƙarya ce ya yi shiru don kunyar manya, ya sayar da na baya ke nan don ya tsare fuskar na gaba.

Ba ma sai mun yi kirdado ba, gama an riga an ga abin da sassauci ke haifarwa. A 1793 wani malami, Saul Berlin, ya buga wani littafi a Balin mai suna Besamim Rosh, mai ɗauke da fatawa 392, ya ce yawancinsu na Rabbi Asher ɗan Yehiel ne, wanda ya rasu a Toledo a 1327. Shi ma ya yi wa littafin sharhi nasa. A ciki akwai sassauci iri iri da ba a san tsohon malamin da su ba. Rabbi Mordechai Benet na Nikolsburg ya tashi ya ce ƙage ne. Amma uban Saul shi ne babban malamin Yahudawan Balin, ya tsaya ya kāre ɗansa. Saul ya mutu a Landan a 1794, magana ta tsaya rabi da rabi. Aka sake buga littafin daga baya, waɗansu masu fatawa suka ci gaba da kafa hujja da shi, ko da ya ke masu bincike sun tabbata aikin Saul ne. Dubi bambancin. Ciwon da aka yi wa lallashi ya yi shekara fiye da ɗari biyu yana tsiyaya, wanda aka tsaga tun da wuri kuwa ya warke cikin 'yan shekaru. Yau ba malamin da zai kafa hukunci da Kodashim na Friedlander.

Wani kuma zai ce, kaito, ai mutumin malami ne na ainihi, wanda ya iya ruɗin Buber da Schechter ba ƙaramin gwani ba ne. Mun yarda gwani ne. Tun kafin wannan rigima ya yi sharhi a kan waɗansu littattafai na gaskiya. Da ya tara maganganun nan da ke warwatse, ya buga su da sunansa, ya ce ga abin da ya rage na ra'ayin malaman Tabariyya game da hadaya, da ya yi wa ilimi hidima, da ana ambatonsa da alheri har yau. Amma gwanintarsa ba ta rage masa laifi ba. Maƙerin da ya fi kowa iya buga kuɗin jabu shi ya fi kowa cutar kasuwa. Har sharhinsa na gaskiya ma ƙaryar ta shafa masa baƙi, gama wanda aka kama sau ɗaya, wa zai sake karɓar maganarsa ba tare da awo ba?

A ƘONE KO A AJIYE?

Saura tambaya ta ƙarshe. Waɗansu in ransu ya ɓaci da littafi, abin da ke fara zo musu shi ne ashana. Mu ba mu ga haka ba. Mutanen da aka ƙone musu amalanke 24 na littattafai sun fi kowa sanin cewa wuta ba ta rarrabe ƙarya da gaskiya. In aka hallaka littafin Friedlander, an hallaka shaidar da za a nuna wa almajiran gobe, a ce ga yadda a ke ƙage, ga kuma yadda a ke kama shi. Bayan shekara ɗari wani zai tashi ya ce ai littafin gaskiya ne, hassada ce ta sa aka ƙone shi, ba kuwa mai abin da zai ƙaryata shi.

Abin da ya dace shi ne abin da manyan ɗakunan ajiyar littattafai su ke yi. A ajiye shi, a rubuta a kansa ƙarara cewa ƙage ne na wane, a shekara kaza, a ajiye raddin Plotzki kusa da shi. Juzu'an nan biyu yau sun zama abin nema wurin masu tara tsofaffin littattafai, ana sayar da su a gwanjo, kuma mai saye ya san abin da ya ke saye. Wannan ba laifi. Laifin yana farawa ran da aka cire alamar.

Kada kuwa wani ya zaci zamanin irin wannan ruɗi ya wuce. A 2015 an sayar da cikakken Talmud na Babil bugun Bomberg a gwanjo a Niyu Yok a kan dala miliyan 9 da ɗoriya. Inda tsohuwar takarda ta kai wannan daraja, masu ƙage ba za su ƙare ba. Gaskiya ne yanzu akwai na'urorin da ke auna shekarun fata da takarda da tawada, an kuma ɗauki hoton guntayen Alƙahira, mai bincike yana iya duba su daga ɗakinsa. Cikin guntayen nan duka ba a sami ko warƙa ɗaya ta Kodashim na Ƙudus ba, har masana da yawa sun karkata ga cewa watakila ba a taɓa tsara shi ba tun asali. Amma na'ura sai an kawo mata abu ta ke aunawa. In mai littafi ya ƙi fito da asali, mutane kuma suka ji nauyin matsa masa, na'urar ba ta da amfani.

Saboda haka darasin yana nan inda Ritter da Plotzki suka bar shi. Duk wanda ya zo da tsohon littafi ya ce ya tsinta, ko wane ne shi, ko su wa suka yabe shi, a yi masa maraba, a ba shi wurin zama, sa'an nan a tambaye shi cikin ladabi: ina asalin ya ke, wa ya gan shi, ta hannun wa da wa ya biyo har ya iso gare ka? Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan tambaya, murna ma zai yi da ita. Wanda ya amsa ta da zagi kuwa ya riga ya ba da amsa. Gani ya kori ji. Masu karatu, kowace al'umma da ke da tsofaffin littattafai da ta ke girmamawa, in ta ga gemun maƙwabcinta ya kama wuta, sai ta shafa wa nata ruwa.